Idon Sawun Kawu

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, kuma ranar Talata da hantsi Kawu, wan mahaifiyata, ya riga mu. An yi masa salla bayan la'asar, muka kai shi maƙabartar Ud, a nan Riyad. A ƙasar nan ba a rubuta suna a kan kabari. Dutse ɗaya wajen kai, ɗaya wajen ƙafa, shi ke nan. Ina tsaye ina ƙirga layi daga katanga don kada wurin ya ɓace mini, sai ga wata gawa an kawo, mutanenta suka matsar da mu gefe.

Kwana uku muka yi zaman makoki a unguwar Jaradiya, a gidan hayar da ya ajiye iyalinsa. An shimfiɗa darduma har bakin titi. Direbobin unguwar Ulaya sun zo, masu aikin gini sun zo da ƙurar siminti a gashinsu, ɗalibai sun zo da fararen riguna. Wani direba ya ce, "Lokacin da kafilina, mai riƙe da takarduna, ya kore ni, wata biyu na yi a ɗakin Baba na gona. Bai taɓa tambayata yaushe zan tafi ba. Amma fa tun ranar farko ya miƙo mini shebur." Aka yi 'yar dariya, domin duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin nan ya san shebur ɗin. Da na shiga cikin gida ɗauko shayi, na tarar da 'yarsa, wadda aka haifa a nan Riyad, tana kuka da Larabci. Da ta gan ni sai ta lalubo Hausa ta ce, "Yaya, ƙafar Baba duk ta tsage. Na saya masa takalmi, bai sa ba."

Rana ta biyu, bayan la'asar, wata farar mota ta tsaya a ƙofa. Aka riƙo wani tsohon Balarabe yana dogara sanda. Tun kafin ya sauko na gane shi. Maƙwabcinmu ne na ƙasa, mai gonar da ke bin bayan gonar da ni da Kawu muke aiki. Ya zauna da ƙyar, ya yi mana ta'aziyya, sannan ya ɗaga murya ya ce, "Ku zama shaida, na yafe wa Hajji maganar ruwa. Na so in faɗa masa yana da rai, girman kai ya hana ni." Malaminmu, wani ɗalibi ɗan Nijar, ya fassara wa waɗanda Larabcinsu bai nuna ba. Mutane suka yi kabbara, ana cewa wannan tsoho mutumin kirki ne.

Ni ke zuba gahawa. Ban ankara ba ta zuba a kan darduma. Abin da tsohon ya yafe wa Kawu, ba Kawu ya yi ba. Ni na yi.

Ban iya rubutu ba sai da na haura shekara arba'in. Malamin nan ne ke tara mu ranar Juma'a bayan masallaci, mu shida, duk masu furfura. Kawu ya kan ce, "Dogo, kai da alƙalami kamar raƙumi da allura." Dogo yake kirana. Hannuna ba shi da sauri har yau, amma na ga idan kabarinsa ba shi da suna, to kada kuma sunansa ya zauna da laifin da ba nasa ba.

Mu mutanen fadama ne, daga wani ƙauye a bakin kogin Haɗeja. Kawu ya zo aikin Hajji yana saurayi, bai koma ba. Tsohon maigonarmu ya gan shi yana gyara wata hanyar ruwa a gonar wani, ya tsaya ya kalle shi, ya ɗauke shi. Kawu ya fi shekara talatin a wannan gona ta cikin Wadi Hanifa, bayan gari. Shi ya nema mini biza a wurin ɗan maigona, wanda shi ne kafilina har yau, wato iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, a hannunsa take.

Wanda bai san wadi ba zai ce busasshen kwari ne kawai, duwatsu da ƙaya. Amma idan aka yi ruwa a kan tsaunukan yamma, ko da sama tana fes a kanmu, sai ambaliya ta gangaro. Larabawa na kiranta sel. Wata shekarar sau biyu take zuwa, wata shekarar ko sau ɗaya. Kakan maigona ne ya gina katangar dutse a gicciye don ta tare wani kaso na sel, ta juya shi cikin magudana, magudanar ta raba shi cikin manyan fangaloli guda biyar, kowane na ƙasa da ɗan'uwansa. Dabino na tsaye a ciki, ƙarƙashinsa ciyawar barsim shar, abincin tumaki. A ƙarshen fangali na biyar akwai wata tsohuwar katanga mai ƙofa, an toshe ƙofar da katako mai kauri. Bayan katangar nan gonar maƙwabci take.

Dokar wadi guda ɗaya ce, kuma ta girmi duk wanda ke raye. Na sama yana riƙe ruwa har ya kai idon sawu, sannan ya cire katako ya sakar wa na ƙasa. Babu mita, babu takarda. Ƙafar mai ba da ruwa ita ce ma'auni.

Kawu gajere ne. Maƙwabci ya kan leƙo ta kan katanga da butar gahawarsa ya ce, "Ya Hajji, Allah ya ji ƙanmu da ya ba mu mai ruwa gajere. Da wannan dogon ne, da ƙishi ya kashe mu kafin ruwa ya kai idon sawunsa."

Kawu ya ce, "Shi ya sa ban yarda ya taɓa katakon ba. Kai kuma da ka rage surutu, da ruwan ya ishe ka."

Su kwashe da dariya, su zauna a gindin dabino su sha gahawa. Shekara da shekaru haka suke. Wata rana ma Kawu ya sa na tsaya kusa da shi ba takalmi, ya gwada da yatsunsa, ya ce idon sawuna ya ɗara nasa da yatsa biyu. Maƙwabci ya ce yatsa biyun nan gona guda ce.

Kawu ba ya sa takalmi a cikin gona. Ya kan ce ƙafa mai takalmi kurma ce. Ya kan ɗebi ƙasa ya ɗanɗana da harshe, ya tofar, ya ce gishiri ya yi yawa. Ruwan rijiyar burtsatse yana riƙe ran dabino, in ji shi, amma yana bar masa gishiri a gindi, sel ce kaɗai ke wanke shi ta kuma kawo sabuwar laka. Saboda haka duk shekara muna cikin magudana, muna kwashe yashi, muna mayar da duwatsun da suka zame, muna jiran ruwan da ba mu san ko zai zo ba. Na taɓa ce masa, "Kawu, shekara biyu ke nan muna share wa baƙon da bai zo ba hanya." Ya ce, "Ranar da zai zo ba zai buga maka waya ba. Ɗauki shebur."

Ba zan ce ba shi da aibu ba. Yana da faɗa. Ya taɓa zubar mini da shayi don ya tsinci leda a cikin magudana, alhali iska ce ta kawo ta. Bai iya yabo ba. Idan ka yi aiki ya yi kyau, iyakar abin da za ka samu shi ne ya wuce bai ce komai ba. Mahaifiyata ta rasu tana jin haushinsa, domin sau uku yana cewa zai zo gida, sau uku yana fasawa, wai lokacin sel ya gabato, babu wanda zai bar wa katako.

A shekarata ta uku abin ya faru. Lokacin ana ta kama masu matsalar iƙama ana mayar da su gida, kowa a tsorace yake. Ran nan Kawu ya raka matarsa asibiti a cikin gari, ni kaɗai ne a gona. Da hantsi na ji ƙara daga yamma kamar manyan motoci sun jero. Na hau katanga na ga jan ruwa yana tahowa da itatuwa a kansa. Na kira Kawu a waya.

Ya ce, "Buɗe magudanar sama ka bar shi ya shiga. Idan na biyar ya kai idon sawu ka cire katako. Dogo, ka ji ni? Idon sawu!"

Na ce na ji.

Na ji ɗin kuwa. Ba mantuwa na yi ba, wannan shi ne abin da nake so a sani. Ruwa ya cika fangali na ɗaya har zuwa na biyar, na shiga na tsaya, ya kai idon sawuna. Sai na dubi farin gishirin da ya kwanta a gindin dabino shekara biyu. A lambunmu na gida, ruwan da ya shigo hannunka ba ka sakinsa sai fangali ya sha ya ƙoshi, domin da guminka ka jawo shi. Haka na tashi, haka hannuna ya saba. Na ce bari ya ɗan ƙara. Ya kai rabin ƙwauri. Na ce ai ruwan da yawa, maƙwabci ba zai rasa ba. A raina kuma ina so Kawu ya dawo ya ga gona ta sha kamar ba ta taɓa sha ba, ko sau ɗaya ya ce sannu.

Da ya kai gwiwa na je cire katako, ya ƙi motsi, nauyin ruwa ya danne shi. Ina cikin kokawa da shi na ji katangar ta yi nishi. Na yi tsalle gefe, ta buɗe daga tsakiya. Ruwan da ya kamata ya shiga gonar maƙwabci a hankali ya faɗa mata gaba ɗaya. Ya tumɓuke ƙananan dabinon da tsohon ya dasa daga bishiyar mahaifinsa, ya shiga garken tumaki. Ina jin kukansu, ban iya yin komai ba.

Kawu ya iso bayan azahar. Ya dubi katanga, ya dubi alamar laka a wandona har gwiwa. Ya shiga cikin taɓo ya zauna, ya shafa shi a rigarsa. Da kafilina ya iso, ga maƙwabci tsaye yana huci, Kawu ya miƙe ya ce, "Ni ne. Na ɗaure katakon da waya tun bara, na manta ban kwance ba. Wannan bai san komai ba, abin da na ce masa ya yi."

Ina tsaye a wurin. Bakina bai buɗe ba.

Lokacin tsohon maigona yana kwance ba ya gane mutane. Ɗansa ma'aikacin ofis ne a Ulaya, dama ya daɗe yana cewa wannan aikin duwatsu na zamanin da ne. Ya ce Hajji ya tsufa. Bai kore shi ba, saboda girman mahaifinsa, amma ya cire shi daga ruwa ya mayar da shi gadin ƙofa. Aka kawo kamfani suka shimfiɗa baƙaƙen bututu masu ɗigo, suka cike fangaloli uku da tirakta, aka gina wurin shaƙatawa a kan ɗaya. Magudana ɗaya da fangali na biyar kawai aka bari, aka gyara katangar, domin haƙƙin ruwan maƙwabci ta nan yake bi, ba a iya toshe shi. Ni aka ba katakon.

Hanyar maƙwabci ta gaban ƙofarmu take wucewa. Kullum da safe idan farar motar ta taho, Kawu ya kan miƙe daga kujerar gadi ya ɗaga hannu. Gilashin motar bai taɓa sauka ba. Washegari ya sake miƙewa. Shekara huɗu ana haka, ni kuwa ina cikin gona ina gani ta tsakanin dabino.

Sau ɗaya na yi yunƙuri. Na same shi a ƙofa na ce, "Kawu, zan je in faɗa."

"Ka faɗa wa wa?"

"Maƙwabci. Da kafili."

"To, sannu gwani. Ka hana mutum ruwansa, ka kashe masa tumaki, yanzu kuma za ka je ka gaya masa Hajji maƙaryaci ne. Mai mantuwa zan iya ɗauka, tsufa ne. Maƙaryaci ba zan ɗauka ba."

"Amma ko gaisuwa ba ya amsa maka."

"Gaisuwarsa ce za ta ciyar da 'ya'yanka biyar? Ni ba za su sa ni a jirgi ba, kai kuwa ko sati ba za ka ƙara ba. Na saɓa wa uwarka sau uku, ba zan mayar mata da kai hannu wofi ba."

Na ce ai ta rasu. Ya ɗaga sandarsa kamar zai buge ni, ni da nake da 'ya ta isa aure. Sannan ya sauke ya ce, "Muddin ina numfashi, bakinka ya yi shiru. Tafi, kana tare mini iska."

Mako biyu bai amsa sallamata ba. Gaskiyar da zan faɗa ita ce, na ji daɗin hanin. Na koma bakin aiki da sauƙi a ƙirjina, ina ce wa kaina ai biyayya nake yi.

A kujerar nan ya ƙare. Ƙafafunsa suka kumbura, ba don ruwa ba, don zama. Idan na kawo masa abinci ya kan zana mini tsoffin magudanan a ƙasa da sanda, har waɗanda tirakta ta binne, ya ce, "Tunda ka zama malam, rubuta. Nan akwai dutse mai rami, nan ruwa ke juyawa." Ina rubutawa a littafina na makaranta, yana leƙowa yana cewa layina ya karkace. Da na ce masa ai an riga an binne su, ya ce, "An binne su, ba a kashe su ba. Ruwa ya san inda suke." Ko a asibiti, ranar da na gan shi na ƙarshe, abin da ya tambaye ni shi ne ko na share magudana.

Bayan an tashi daga makoki na yi kwana tara ina juya maganar. Muddin ina numfashi, ya ce. Na so a ce har abada ya ce. Na kira matata na gaya mata komai. Ta ce, "Idan an maido ka, ai gida ka dawo. Amma ka san kuɗin makarantar yara daga nan yake fitowa." Ba ta ce in yi ba, ba ta ce in bari ba.

Rana ta goma da safe na rubuta abin da zan faɗa a takarda, don kada in je in kauce, na zaga zuwa gonar maƙwabci. Na same shi a zaune a inuwa. Larabcina na gona ne, amma ya isa. Na gaya masa ƙaryar ɗaure katako da waya, da idon sawu, da gwiwa, da taɓon da Kawu ya shafa wa rigarsa. Bai katse ni ba.

Ya ce, "Lokacin da nake wucewa yana ɗaga mini hannu, kana ina?"

Na ce, "Ina cikin dabino. Ina ganinku."

Na zaci zai kore ni. Sai ya ce, "Kai ni wurinsa."

Muka tafi Ud a motarsa. Na ƙirga layi daga katanga kamar yadda na yi ran jana'iza, amma a kwanakin nan an ƙara mutane da yawa. Na zo kan kaburbura biyu a jere, iri ɗaya, na kasa rantsewa wanne ne. Na gaya masa. Tsohon ya tsaya a tsakaninsu, ya mayar da sanda hannun hagu, ya ɗaga na dama sama kamar yadda Kawu ke yi a ƙofa. Ya ce, "Wa alaikas salam, ya Hajji." Ya juya ga ɗayan ya sake faɗa. Hannun ya daɗe a sama. Har yau bai ce ya yafe mini ba.

Kafilina na same shi ranar Asabar a wurin shaƙatawa. Ya fara saurarona yana danna waya, daga baya ya kife ta. Da na gama ya ce, "Wato Hajji ƙarya ya yi mini." Na ce don ni ya yi. Ya ce, "Iƙamarka saura wata nawa?" Na ce huɗu. Ya ce, "To." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Yanzu saura biyu, ban san ko za a sabunta ba. Abin da Kawu ya guda ke nan, an kira shi maƙaryaci, kuma bakina ne ya jawo. Wannan ma yana cikin abin da ke hana ni sukuni, ban san ko daidai na yi masa ba.

Makon jiya sel ta zo, 'yar kaɗan, da rana tsaka. Na cire takalmi na shiga fangali na biyar. Ruwan na da sanyi, ja, yana hawa a hankali. Da na ɗaga kai na ga an ajiye wa maƙwabci kujera a bayan katanga, yana kallona. Na sunkuya na ɗora yatsa biyu a ƙarƙashin idon sawuna. Da ruwa ya taɓa yatsan ƙasa na je na cire katako, ya fita salin alin.

Tsohon ya ɗaga murya ya ce, "Kai dogo! Ai bai kai ba."

Na ce, "Ya kai na Hajji."

Ya juya yana kallon ruwan yana shiga barsim ɗinsa.

Allah, ga bawanka gajere mai tsagaggiyar ƙafa, wanda bai taɓa riƙe ruwan wani ba. Ƙarya ɗaya na san ya yi, a kaina ka ɗora ta. Ka yalwata masa kabarinsa, ko wanne ne a cikin biyun, ka shayar da shi daga ruwan da ba a aunawa. Amin.